Tagar Hucin Gidan Burodi

Ƙarar ta zo ne da sassafe, lokacin da iyaye mata ke ɗora ruwan wankan 'yan makaranta. Gilasan tagogin layin suka zube, tantabaru suka tashi suka kasa sauka. Kafin mutane su gane daga ina abin ya fito, bangon gidan burodin da ke ƙarshen layi ya riga ya kwanta, rufin ya rufta ciki. Mutum ɗaya ne a ɗakin gashi a lokacin, wanda kullum shi ke buɗe gidan ya kunna wuta. Auta ake ce masa, don shi ne ƙaramin uwarsa, ko da yake gemu ya cika masa fuska. Ba a fito da shi da rai ba.

Washegari hukumar kashe gobara ta turo Mai Bin Sawu. Dattijo ne mai ɗan ɗingishi, wanda ya daɗe da daina riƙe mesar ruwa. Shi sai toka ta huce yake zuwa. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, saboda yakan ce wuta ma dabba ce, duk inda ta bi sai ta bar sawu.

Bai kai ga igiyar da 'yan sanda suka kewaye wurin da ita ba, mai shayin da ke daura da gidan ya tare shi.

"Baba, ba sai ka wahalar da ƙafarka ba. Kowa a layin nan ya san wanda ya yi. Direban da aka kora ne. A kan bencin nan ya zauna ya ce sai gidan nan ya zama toka."

"Da kunnenka ka ji?"

"Da kunnena. Har ya tashi bai shanye shayinsa ba, mutumin da ko ɗigo bai taɓa bari a kofi ba."

"Me ya yi aka kore shi?"

"Buhunan sukari ne suka yi ƙafa. Maigidan ya ce shi ne."

Mutanen da suka taru suka hau gyaɗa kai. Wata mata ta ce ai tun farko idonsa bai yi mata ba. Mai Bin Sawu ya yi musu godiya, ya ɗaga igiyar ya shiga.

* * *

Sufeton da aka ba wa binciken yana ciki, da hankici a hanci. Har yanzu wurin na warin ƙullun da ya ƙone da jiƙaƙƙen siminti. An tattara ɓaraguzan bangon an tula su a gefe. Can nesa, a ƙarshen filin baya kusa da katanga, wani faffaɗan fallen ƙarfe na kwance, an zagaye shi da alli.

"Marfin tagar huci ke nan," in ji Sufeto. "Wata injiniya ce ta sa aka buɗe tagar a bango. Wai idan gas ya tashi, marfin zai fita, bango ya tsira. To ga marfi ya fita, ga kuma bango a ƙasa."

Mai Bin Sawu ya dubi marfin daga tsaye, bai taɓa shi ba. Ya koma wajen murhun gashi ya tsuguna, yana bin bututun gas da yatsa har inda ya haɗu da tiyon roba. Ya daɗe yana jujjuya tiyon a hannunsa.

"Wannan ba yanka ba ne, Sufeto. Dubi. Wuƙa layi ɗaya take yi. Wannan tsagewa ya yi kamar kaushin dunduniya. Tsufa ne da zafi. Gas ya kwana yana tsiyaya, bawan Allah ya shigo ya kunna fitila, shi ke nan."

"Ke nan babu wanda ya buɗe gas ɗin?"

"Babu. Amma ina son ganin direban."

* * *

Direban yana tsare tun ranar, don an ji tsoron kada mutanen layi su yi masa rotse. Siriri ne, idanunsa sun yi ja.

"Yallaɓai, na faɗa," ya ce. "Ba zan ce ban faɗa ba. Baki shi ke yanka wuya, ga nawa ya yanka ni. Amma ni in kashe Auta? Ranar da aka kore ni, shi kaɗai ya biyo ni har bakin titi yana ba ni haƙuri."

"Kai ka ɗauki sukarin?"

"Ni da likita ya hana ni shan zaƙi? In kai shi ina? Ɓarawon ma ba ta ƙofa ya shiga ba. Ta wannan tagar banzar ya bi, wadda ko da kafaɗa ka ture ta sai ta faɗi. Na gaya wa Maigida, ya ce in rufe masa baki. Ya juya kan Auta ya ce makulli a hannunsa yake, in aka sake ɗaukar ko cokali ɗaya, shi ma ya biyo bayana."

"Auta ya ce me?"

"Me zai ce? Tsohuwarsu ba ta da lafiya, da aikin nan yake saya mata magani. Shiru ya yi."

Mai Bin Sawu ya ce wa Sufeto a sallami mutumin, amma a bi da shi ta ƙofar baya.

* * *

Mai gidan burodin ya karɓe su a falonsa, yana share gumi duk da fanka na juyawa.

"Ni aka cuta," ya ce. "Lokacin da na koma gashi da gas, aka ce dole in kawo injiniya. Ta zo da na'urarta, ta auna nan ta auna can, ta sa na fasa bangona mai kyau aka yi taga. Da bakinta ta ce ko gas ya tashi bango ba zai faɗi ba. Yanzu ina bangon? Ina yarona?"

"Tiyon gas ɗin, yaushe rabon da a canza shi?"

"Wannan ai aikin yara ne."

"Bayan satar sukari, me aka yi wa tagar?"

Mai burodi ya kai hannu ya gyara matashin kujera, wanda dama a gyare yake.

"Aka mayar da ita mana. Me za a yi mata?"

Da suka fito, Sufeto ya ce, "Malam, magana ta fito fili. Lissafin matar nan ne ya yi ƙarya. Na riga na hana ta barin gari, ƙungiyarsu ma ta dakatar da ita. Sakaci ne da ya ci rai, kotu za ta."

Kafin yamma labari ya karaɗe layin. Waɗanda suka rantse a kan direba da safe, su ne suka koma cewa dama su ba su taɓa yarda da wannan tagar ba. Aka samu waɗanda suka je suka farfasa mata gilashin mota.

* * *

Mai Bin Sawu ya je gidan su mamacin yin ta'aziyya. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Uwar tana zaune a tabarma ta jingina da bango, ƙafafunta a kumbure. A bakin ƙofa babban ɗanta ne, mai walda, ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin kafaɗa, an naɗe masa tafukan hannu da bandeji.

"Ya haƙuri, Inna?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, ɗan nan. Kai ne mai binciken?"

"Ni ne."

"To ka ga wannan," ta nuna mai walda da haɓa. "Shi ya ciro mini shi. Yana jin ƙarar ya ɗauki injin yankan ƙarfensa ya ruga. 'Yan kwana-kwana na gama kashe wutar ya faɗa ciki, ƙarfe da zafinsa yana yanka yana ja da hannu. Dubi hannun. Ubansu ya rasu Auta na rarrafe, shi ya goye shi, shi ya kai shi makaranta. Ko da aka tafi da gawar ma bai biyo su ba, wai ya tsaya taya mutane kwashe ɓaraguzai. Sai da aka je aka janyo shi."

Mai walda bai ɗago ba. Da Mai Bin Sawu ya tashi tafiya, ya raka shi har waje, suka ɗan tsaya.

"Baba," in ji mai walda, "matar nan, injiniyar. Ɗaure ta za a yi?"

"Da alama."

"Tana da 'ya'ya?"

"Ban sani ba. Me ya sa ka tambaya?"

"Ba komai. Allah ya kiyaye hanya."

* * *

Injiniyar tana da 'ya'ya, biyu. Ta tura su gidan yayarta tun da aka fara jifa. Mai Bin Sawu ya same ta a ɗan ofishinta da safe, labule a sauke, zanen ɗakin gashin a shimfiɗe a tebur. Ba ta jira ya tambaya ba.

"Na sake lissafin har na gaji da sakewa, Baba. Ina neman inda na kashe shi, na kasa samu. Wannan ya fi komai ci mini rai. Da na ga kuskuren, da na san abin da zan yi wa kuka."

"Yi mini bayani kamar wanda bai je makaranta ba."

Ta ja numfashi. "Ka san tukunya idan ta tafasa, murfi yakan ɗaga, tururi ya fita. In ka ɗaure murfin da waya, tukunyar ce za ta fashe. Haka ɗaki yake. Idan gas ya gauraya da iska ya samu wuta, kumbura yake yi cikin ƙiftawar ido, ya matse bango ta ko'ina. Ba mu iya hana shi kumbura. Abin da muke yi shi ne mu ba shi ƙofa. Aikina in faɗi tun kafin abin ya faru iya ƙarfin da matsin zai kai bayan tagar ta buɗe, in tabbata bango zai iya ɗauka."

"Da me ake sanin haka?"

"Da girman ɗaki, da faɗin taga, da nauyin marfi, da irin gas ɗin. Har da kayan da ke cikin ɗakin, don wuta in tana ratsa tsakanin kantoci da tarkace ƙara gudu take. Na zaci ko nan ne. Na ce wataƙila sun cika ɗakin da kaya bayan tafiyata. Na sa haka a lissafi, na cika ɗakin har rufi, amma bangon bai kai faɗuwa ba. Zai tsage, Auta zai ƙone, zai kwanta asibiti. Amma rufi ba zai danne shi ba." Ta dafe goshi. "Lissafin nan ba wahayi ba ne, kowa a sana'armu ya san yana iya kaucewa. Shi ya sa na ninka faɗin tagar. Marfin kuma da 'yan ƙusoshin roba na sa aka kama shi, waɗanda ke tsinkewa tun matsin bai fi turin kafaɗa ba."

"An ce ɓarawo ma ya gane haka."

"Na ji. Da an kira ni, akwai ragar da ake sawa daga ciki, wadda ke hana mutum shiga ba ta hana iska fita. Babu wanda ya kira ni." Ta ɗago. "Ba su bar ni na shiga wurin ba. Kai ka ga marfin? Yaya yake?"

Mai Bin Sawu ya lumshe ido yana tuno shi. "Yana can ƙarshen fili. Ya yi ciki, kamar kwano."

Ta zuba masa ido.

"Ciki? Daga tsakiya?"

"Daga tsakiya."

"Baba, marfin da ya fita a kan lokaci a miƙe yake tafiya. In ya lanƙwashe, a kusurwar da ya faɗi ne. Ƙarfe ba ya yin ciki sai an riƙe shi ta gefe ana tura tsakiyarsa."

* * *

Rana ta take lokacin da ya koma filin da Sufeto. Suka kama marfin, mutum ɗaya a kowane gefe, suka ɗaga shi a hankali suka jingine da katanga.

Mai Bin Sawu ya durƙusa. Ƙasar da ke ƙarƙashin marfin taɓo ce da ta soma bushewa, da gutsattsarin bulo a ciki. A tsakiyarta, ɓaro-ɓaro, ga sawun babban takalmi mai zanen ƙasa kamar haƙoran zarto. Ya san takalmin. Ya yi shekaru yana sa irinsa.

"Sufeto, sawun wa ke nan?"

"Na ɗan kwana-kwana."

"Taɓon fa?"

"Ruwan da suka fesa."

"To marfin da aka ce shi ya fara fita tun bango bai faɗi ba, yaya aka yi ya kwanta a kan sawun mutumin da ya zo bayan an gama?"

Sufeto ya cire hankicin daga hancinsa.

Suka juya marfin. A gefunansa huɗu akwai wuraren da ƙarfen ke ƙyalli, sabon yanka. Suka sa aka tone tulin ɓaraguzan har aka kai ga firam ɗin tagar, wanda aka tura can ƙasa. Babu ƙusar roba ko ɗaya a jikinsa. Dunƙulen walda ne a jere, aiki mai kyau, na wanda ya san hannunsa.

"Wa ya shigo wurin nan da injin yanka ranar?" Sufeto ya tambaya.

Mai Bin Sawu ya ja da baya. Ya samu wani bulo ya zauna, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya daɗe a aikin nan, ya kama masu cinna wa shagonsu wuta da masu ƙona na maƙwabci, bai taɓa jin nauyin kama kowa ba. Yau kam ya so a ce idonsa ne ya gaza.

* * *

Da la'asar ya sa aka tara su a filin: mai burodi, direba, injiniya da mai walda. Mai shayi da mutanen layi suka yi cincirindo a bayan igiya. Da injiniya ta shigo aka fara gunaguni, Sufeto ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Kun ce direba ne," in ji Mai Bin Sawu. "Ba shi ba ne. Tiyo ne ya tsufa, babu wanda ya taɓa shi. Da ma an taɓa shi ɗin an canza, da ba mu taru a nan ba. Sai kuka ce wannan baiwar Allah ce. Hujjarku ita ce taga ta buɗe amma bango ya faɗi. Ku matso ku ga wani abu."

Ya nuna musu sawun. Ya bari suka kalla son ransu.

"Tagar nan ba ta buɗe ba. An toshe ta da walda tun kafin ranar. Da gas ya tashi ya nemi ƙofa ya rasa, sai ya yi wa kansa ƙofa da bangon gaba ɗaya. Bayan an kashe wuta, wani ya yanke marfin daga firam ɗinsa, ya ɗauko shi ya ajiye a nan, inda ya kamata a ce ya faɗo. Wurin a cike yake da masu kwashe kaya, kowa da abin da ya ɗauka, babu wanda ya lura. Ni ban zo in kira sunan kowa ba. Na fi so mai abin ya faɗa da bakinsa, don na san ba mugu ba ne."

Babu wanda ya yi motsi. Can sai mai walda ya tako gaba, ya tsaya a kan firam ɗin yana kallonsa. Sannan ya zauna a ƙasa.

"Aikina ne," ya ce. "Ni na yi."

Wata mata a bayan igiya ta yi salati.

"Auta ne ya same ni a shago. Ya ce, Yaya, ka rufa mini asiri, in aka sake shiga ta tagar nan aikina ya tafi. Na zo na duba, na ga an kama ƙarfe da roba. Har dariya na yi. Na ce wane irin aikin ganganci ne wannan, bari in yi maka na gaske. Na bi shi gefe huɗu. Da na gama na doke shi da guduma na ce, Auta, yanzu ko giwa ba ta shiga." Ya dubi bandejin hannunsa. "Ranar, ina yanka ƙarfen rufi ina kiransa, sai na hangi bangon a kwance, marfin na nan daram a jikinsa, waldata ko tsagewa ba ta yi ba. Wani ɗan kwana-kwana yana ce wa abokinsa, ai da tagar nan ta buɗe da bai mutu ba. A nan na sani. Garin gyaran gira na rasa ido."

"Me ya sa ka ɗauke shi?" Sufeto ya tambaya, ba da tsawa ba.

"Inna. Yallaɓai, da wane bakin zan ce mata ni ne? Ban yi tunanin kowa ba, wallahi ban yi tunanin za a ɗora wa wani ba. Da na ji an kama direba na ce gobe zan faɗa. Da aka koma kan wannan baiwar Allah na ce gobe." Ya juya wajen injiniya, bai iya haɗa ido da ita ba. "Ki yafe mini. Na ji an fasa miki mota. Na ji kin kwashe yaranki."

Mai Bin Sawu ya juya ga mai burodi. "Kai kuma ka ce mini mayar da ita kawai aka yi. Ba ka san da waldar ba?"

"Ni... ai ni ba kullum nake zagayawa baya ba."

"Maigida, ka ji tsoron Allah," in ji mai walda. "Kai ka riƙe mini tsani."

Filin ya ɗauki hayaniya. Injiniya ta matso gaban mai burodi.

"Na gaya maka. A wurin nan na tsaya na ce maka kada a jingina ko tsintsiya da tagar nan."

"Na ɗauka irin maganarku ce ta 'yan boko," ya ce, kansa a ƙasa. "Shekara nawa ana gashi ba abin da ya faru."

Hawayen da ta riƙe tun ranar suka zubo. "Ni ma mai gida na yi wa bayani," ta ce a hankali. "Ban yi wa mai shiga ɗakin ba. Da na tsaya na gaya wa Auta amfanin tagar, da bai je neman mai walda ba."

Mai shayi ya sulale daga cikin taron ya je ya tsaya kusa da direba. Direban bai kalle shi ba.

Sufeto ya ciro ankwa. Mai walda ya miƙa hannu, sai kuma ya janye da sauri.

"Yallaɓai, tsaya. Akwai wasu biyu."

"Wasu me?"

"Gidajen burodi. Maigida ya ba abokansa labarin yadda ya yi maganin ɓarayi, suka kira ni. Irin tagar ce, irin waldar ce. Kullum sai na bi ta ƙofarsu, ƙafata ta ƙi tsayawa, don in na ce zan yanke za a tambaye ni dalili. Akwai mutane a ciki yanzu haka suna gashi."

Sufeto ya dubi Mai Bin Sawu, ya mayar da ankwar aljihu.

* * *

Suka tafi a motar 'yan sanda, injin yankan a bayanta. A kowane gida injiniya ce ta fara shiga, ta sa aka kashe wuta, aka rufe gas, aka buɗe ƙofofi har iska ta wanke ɗakin. Sannan mai walda ya hau tsani. Hannunsa bai iya riƙe injin sosai, jini ya fara ɓullowa ta bandejin, amma ya ƙi ba kowa. Ita kuma ta tara masu gashin a tsakar gida, da ƙullu a hannuwansu, ta yi musu bayanin tukunya da murfi, ɗaya bayan ɗaya, har sai da kowa ya maimaita mata.

Rana ta yi ja lokacin da marfi na biyu ya sauko. Mai walda ya naɗe wayar injinsa ya miƙa wa Sufeto.

"Alfarma ɗaya ta rage, Yallaɓai. Kada Inna ta ji a bakin 'yan layi."

Aka tsaya da motar a ƙofar gidansu. Ya shiga shi kaɗai. Mai Bin Sawu da Sufeto suka tsaya a waje suna jiran kururuwa. Ba su ji ba. Sai muryar mai walda ƙasa-ƙasa, tana yankewa tana dawowa, daga nan shiru mai tsawo.

Labulen ƙofar ya motsa. Tsohuwar ce ta fito, tana dafa bango. Fuskarta a jiƙe take, amma muryarta ba ta rawa.

"Kai ne mai binciken ko?"

"Ni ne, Inna."

"Tafiya za ku yi da shi?"

"Dole ce, Inna. Amma zan faɗi duk abin da na gani, har da na yau."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon motar.

"Biyu na haifa," ta ce. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku ba ni shi ya ci abinci tukuna. Tun ranar bai sa komai a cikinsa ba, yana zaton ban gani ba."

Sufeto ya kashe motar. Mai Bin Sawu ya zauna a dakalin ƙofar gidan, suka jira.